Saƙon Ɗelu Daga Kukar Rezo

Muryar matar tana rawa, iska tana bugun wayar.

"Jama'ar Annabi ku taimaka. Ni ce Ɗelu matar Ɗan Baba ta Gidan Barmo. Igiyar ƙasa ta taɓa maigidana wurin noma. Ƙafa ta kumbura har gwiwa, yanzu kuma jini yake tofarwa. Ga inda nike nan na aiko muku."

A ƙarƙashin muryar akwai jar alama a kan taswira.

Samira ta dubi lokacin da saƙon ya shigo. Tun da hantsi ne. Yanzu kuwa har an yi kiran farko na sallar Juma'a a Madarumfa. Ita ce ma'aikaciyar jinyar da Ƙungiyar Agajin Tafki ta damƙa wa maganin saran maciji, ita aka ɗora wa duba gurup ɗin ƙungiyar, amma ba ta ga saƙon nan ba sai da ta zauna cin abinci tana jan yatsa a kan waya don ta rage tulin da ya taru.

Ta san abin da ya binne shi. Manhajar hirar da ƙungiyar ke aiki da ita, masu ita suna ware wa ƙungiyoyin agaji wani ɗan abu daga kuɗin talla duk sa'ad da aka aika saƙo. Da shi aka sayi moto, wato babur, da shi ake sayen maganin da ke cikin firij. Tun da mutane suka ji haka suka mai da aika saƙo ibada. Ranar Juma'a kuwa ba a magana. Hoton masallaci, hoton fure, barka da Juma'a, amin, amin summa amin, kowa yana ganin sadaka yake zubawa. Kukan Ɗelu ya faɗa tsakanin furanni biyu, har wasu sun rubuta amin a ƙarƙashinsa ba su saurara ba.

Ta kira lambar Ɗelu, ba ta shiga. Ta sake kira, haka.

Ta ture kwanon abinci, ta buɗe firij ta kwashe kwalaben magani ta zuba a kula mai riƙe sanyi, ta cusa ledojin ƙarin ruwa da allurai a jaka, ta fito da gudu ɗankwalinta yana zamewa.

Ashiru yana bakin ƙofa, ya sha farar shadda, darduma a kafaɗa. Ɗan kawunta ne, abokin wasanta tun suna ƙanana, shi ne ke tuƙa moton ƙungiya, in babu aiki kuma ya yi kabu-kabu tsakanin Madarumfa da Ɗan Issa.

"Aje dardumar nan ka tada moto," ta ce.

"Ke baiwata, yaushe kika fara aiken ubangidanki? Yau Juma'a ce."

Ta kunna muryar ta ɗora masa wayar a kunne. Murmushinsa ya ɗauke tun kafin Ɗelu ta kai ƙarshe.

"Jini yake tofarwa? Kububuwa ce wagga."

"Tun hantsi, Ashiru."

Ya wurga dardumar cikin ofis, ya girgiza moton ya ji motsin man esans a tanki, ya ɗaure kula a baya da roba. Mutane suna tururuwa zuwa masallaci su kuwa suna keta su suna fita gari.

Da suka bar kwaltar gudron suka faɗa jar hanya, Samira ta buɗe taswira. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya fara ɗaukewa yana dawowa, amma wannan bai dame ta ba, don tun zuwanta Maradi na baya ta sauke taswirar yankin duka cikin wayar, ko babu rezo tana buɗewa. Shuɗin ɗigo su ne, jar alama kuwa tana can kudu.

"Alamar ba cikin gari take ba," ta ce da ƙarfi don iska. "Ta wuce Gidan Barmo da nisa."

"Damina ce. Wa zai zauna gari? Duk sun tare bukkokin gona sai an yi girbi. Bi alamar kurum."

Suka bi alamar. Jar hanya ta ƙare, suka shiga turbar amalanke, rairayi yana cin taya. Gero ya fi tsawon mutum a dama da hagu, ganyensa yana marin fuskokinsu. Sau biyu moton ya kusa kayar da su, sau biyu Ashiru ya kafa ƙafa ya tsai da shi. Samira ba ta ɗaga ido daga wayar ba. Tana kallon shuɗin ɗigon yana rarrafawa, tana lissafin abin da dafin kububuwa ke yi wa jinin mutum in an bar shi ya wuni. Jinin ya daina daskarewa, ya fara neman hanya ta dasashi, ta hanci, ta ciki inda ido ba ya gani.

"Hagu. Miƙe. Saura kaɗan. Tsaya, mun iso."

Ashiru ya taka birki ya kashe moto.

Wani tudu ne, a kansa wata ƙatuwar kuka. Babu bukka, babu rumfa, babu ko akuya. Gero ne kawai ya kewaye su yana kaɗawa.

"Mun iso ina?" ya ce.

Samira ta sauka ta zagaya kukar. A kan wayar shuɗin ɗigo ya hau kan jar alama daram. Ta ɗaga murya ta kira sunan Ɗelu, ta juya gabas ta sake kira, Ashiru ya danna oda har ta shaƙe. Iska ta kwashe komai ta tafi da shi.

"Ko an ɗauke shi an tafi?" ta ce.

Ashiru ya sauko daga moton. Yana kallon jikin kukar. An kakkafa turaku a jikinta kamar tsani, sun yi santsi saboda hawa. Gindinta an tattake shi ya yi fes kamar masussuka, ga tsofaffin katunan waya da aka kankare an zubar. A daidai lokacin wayar Samira ta fara ƙara, saƙonnin da suka maƙale a hanya suna zubowa a jere.

"Kin ji ko?" ya ce. "Kukar rezo ce. Kowane ƙauye na wajen nan yana da tasa. Nan kaɗai waya ke kamawa, nan suke zuwa in za su kira."

Samira ta sake kunna muryar. Ga inda nike nan na aiko muku. Ta runtse ido. Ɗelu ba ta yi ƙarya ba. Ta baro mijinta kwance ta rugo nan neman rezo, ta danna alama kamar yadda aka koya musu a taron ƙungiya, sannan ta koma wurinsa da gudu. Alama kuwa inda waya take a lokacin take nunawa, ba ta san inda marar lafiya yake ba.

Daga gindin kukar ƙananan hanyoyi sun watsu ta ko'ina, kowace ta shige cikin gero ta ɓace, kowace kuma cike take da sawun mutane da na jakai. Samira ta juya taswirar zuwa hoton da aka ɗauka daga sama. Fili ja wur, hoton rani ne, da ɗigo-ɗigon bukkoki barkatai, wasu nan kusa wasu har bakin iyaka. Ko wanne zai iya zama na Ɗan Baba.

"Mu koma Gidan Barmo mu tambaya," in ji Ashiru.

"Mu tambayi wa? Kai ka ce duk suna gona. Wanda ya rage kuma ya tafi Juma'a. Kafin mu je mu dawo..." Ba ta ƙarasa ba.

Ta danna gurup ta yi magana a hankali yadda kowa zai ji: "Samira ce. Maciji ya sari Ɗan Baba na Gidan Barmo, muna kukar rezo ta kudu da garin, ba mu san gonarsa ba. Wanda ya san ta shi yi magana yanzu."

Amsa ta zo kamar an fasa rumbu. Allah shi ba shi lafiya. Subhanallahi. Allah shi tashi kafaɗunsa. Hoton hannuwa biyu a ɗage, wani hoton, wani kuma. Kafin ta karanta ɗaya goma sun hau kansa. Wata murya ta gilma, ta kai yatsa za ta taɓa, tuni ta haye sama ta ɓace.

Ta nemi lambar Hajiya Zulai, shugabar ƙungiya, wadda ita ce ta kawo manhajar tun farko.

"Hajiya, don Allah ki tsai da mutanen nan. Kowa shi daina aiko saƙo."

"In tsai da su? Yau Juma'a, ranar da muka fi samu? 'Yata, da saƙonnin nan aka sayi maganin da ke hannunki."

"Na sani, Hajiya. Su ne kuma suka rufe kiran matar tun hantsi. Yanzu ko wani ya san gonar ba ni ganin amsarsa."

"Addu'a suke yi mishi. Addu'a ba ta kashe mutum."

"Su yi ta a zuci, Allah yana ji. Hajiya, mutumin nan jini yake tofarwa."

Samira tana jin numfashin tsohuwar da ƙarar tasbaha.

"Tun hantsi kika ce?"

"Tun hantsi."

"To aje wayar."

Ba a jima ba muryar Hajiya Zulai ta faɗo cikin gurup, irin muryar da take tsawata wa masu rabon abinci ranar suna. Ta ce duk wanda bai san gonar Ɗan Baba ba ya cire yatsansa daga waya ya sa a aljihu, wanda kuma ya ƙara turo ko fure ɗaya ita da kanta za ta fitar da shi, ko limami ne. Wani ya rubuta amin, ya yi sauri ya goge. Daga nan gurup ya yi tsit.

Sai ga murya ɗaya, ta namiji, da rugugin manyan motoci a bayansa.

"Salisu ne direba, ina layin duwan, wajen 'yan kwastan, a Ɗan Issa. Ɗelu yayata ce. Tun ɗazu nike magana ba a ji. Likita, daga kukar ku bi hanyar da ta wuce gonar marigayi Ɗan Tani, in kun kai inda tsawa ta faɗa wa gawo bara..."

"Malam Salisu, ban san gonar kowa ba a nan, gero kaɗai nike gani. Buɗe taswira, ka mai da ita hoto, ka nemo gonar, ka danna yatsa a wurin ka riƙe har alama ta fito. Ita za ka turo."

Suka jira. Ashiru yana zagaya moto yana dukan taya da ƙafa. Alama ta shigo, Samira ta buɗe da sauri. Ɗan Issa ta nuna, daidai bakin shingen duwan.

"Shi ma inda yake tsaye ya turo," ta ce.

"Jini ɗaya ne da yayar tasa," in ji Ashiru, amma ko shi bai yi dariya ba.

Salisu ya dawo, muryarsa ta fara karyewa. "Likita, daga sama duk gonakin kama ɗaya suke mini, ban iya ware ta. Amma akwai wani abu cikin waya wanda ubangidana ke sa mu kunna, wanda ke nuna mota tana tafiya. Ki kunna shi. In ina ganinku kuna motsi daga kukar, ni na san inda hanya ke karkata, sai in riƙa ce muku dama ko hagu. Ki sa shi cikin gurup, don an ce bana sun matsar da bukkar, ban je ba tukuna. Akwai 'yan Gidan Barmo a ciki, in na kauce wani shi gyara."

Samira ta kai yatsa. Ashiru ya riƙe mata hannu.

"Tsaya. Kin san ko su wa ke cikin gurup ɗin nan?"

"'Yan ƙungiya."

"Da can. Tun da aka ce yawan saƙo yawan sadaka, kowa ya jawo na jawowa. Ni kaina na sa fasinjoji da ban san sunansu ba. Mu kuma kudu za mu yi, bakin daji. Kin san abin da ke cikin dajin nan, ba sai na faɗa ba. Ki kunna abin nan, duk wanda ke riƙe da waya ya san inda mace likita take da moto sabo."

"To ba ni wata dabara."

Ya juya ya dubi kudu.

"In mun tsaya nan, gawa za mu tarar," ta ce. "In ma mun tarar."

Ya sake ta, ya lalubo tasa wayar daga aljihu ya miƙa mata. "Yi da wagga. Taki da mun sauka tudun nan ta mutu. Tawa akwai layin Najeriya a ciki, in muka yi kudu shi ke kamawa."

Ta kunna a wayarsa, ta tura cikin gurup. Shuɗin ɗigonsu ya bayyana a idon duk wanda ke ciki.

"Na gan ku," in ji Salisu. "Ku ba kukar baya, ku fuskanci inda rana ke faɗuwa, hanya ta biyu ta hannun hagu."

Suka faɗa cikin gero. Hanyar ba ta fi faɗin jaki ba. Wayar ta yi shiru na wani lokaci har Samira ta fara zaton an yi asara, sai ta yi ƙara, layin Najeriya ya kama. Muryoyin Salisu suna zuwa a makare, wani lokaci sai sun wuce mararraba sannan a ji shi yana cewa ku karya dama, dole Ashiru ya ja moto da baya yana tsaki. Can kuma wata mata da ba ta faɗi sunanta ba ta shigo ta ce a'a, wannan tsohuwar hanya ce, an shuke ta da wake, su bi ta gefen giginyu. Salisu ya ce ta fi shi gaskiya. Ban da su biyun babu wanda ya yi tari a gurup.

"Yanzu ku miƙe," in ji Salisu. "Za ku ga farar hanya ta rairayi, ku tsallake ta, bukkar tana bayanta."

Geron ya buɗe. Ashiru ya taka birki har moton ya juya gefe.

Farar hanyar tana nan a kan taswira, busasshiya, har da sawun amalanke. A gabansu kuwa ƙorama ce cike da jan ruwa, tana gudu tana jan karare da rassan itace. An yi ruwa a sama cikin dare, ya gangaro.

"Hoton rani," Samira ta ce a hankali.

A tsallake, bayan wata 'yar gona ta gyaɗa, ana hango kan bukka da rumfar kara. Wata mata ta fito daga rumfar ta tsaya, ta ɗora hannu a goshi, sannan ta fara ɗaga gyale tana kaɗawa.

Ashiru ya kwance kula ya ɗora a ka. Ya dubi farar shaddarsa, ya dubi ruwan.

"Ɗinkin sallah ne fa. Ke za ki wanke."

"In mun fita da rai zan wanke har hular. Shiga."

Ta naɗe wayoyin cikin ɗankwali ta ɗaure a ka, ta rataya jaka a wuya, ta kama bayan rigarsa. Ruwan ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Rairayin ƙasa yana zamewa daga ƙarƙashin ƙafa kamar ana janye tabarma. A tsakiya wani reshe ya bugi Ashiru a haƙarƙari, ya tangaɗa, kular ta karkata, Samira ta saki rigarsa ta tallafe ta da hannu biyu, ruwan ya ɗauke mata ƙafa. Shi ya cafko ta da hannu ɗaya ta igiyar jaka. Suka tsaya haka suna haki, sannan suka ci gaba taki ɗaya-ɗaya har gaci.

Ɗelu ta tarye su tana kuka ba hawaye. "Na ce ko ba ku zuwa. Na aika tun ɗazu, na aika."

"Mun zo, Inna. Ina yake?"

Ɗan Baba yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, dattijo siriri mai furfura a gemu. Ƙafar dama ta kumbura har cinya tana ƙyalli, an ɗaure ta tamau da robar taya, an shafe wurin saran da wani baƙin ƙulli. Gefen bakinsa jini ne, ƙasar da ke kusa da kansa ma ta yi ja. A kan wani kara an rataye macijin da aka kashe, gajere mai zane. Samira ta dube shi sau ɗaya ta san maganin da ta ɗauko shi ne.

"Baba, kana jina?"

Idonsa ya motsa.

Ta durƙusa ta nemi jijiya. Hannunsa ya yi sanyi, jijiyoyin sun lafe. Ta soka ta rasa, wurin ya fara tsiyayar jini bai tsaya ba. Ta sa Ɗelu ta danne da auduga, ta koma ɗaya hannun, ta yi bismilla, ta samu. Ashiru ya rataye ledar ruwa a ginshiƙin rumfa, ta haɗa maganin ta zuba a ciki, ta saki ɗigon a hankali. Sai da ya fara shiga jiki sannan ta kama robar tana sassautawa kaɗan-kaɗan.

"Kada ki kwance," in ji Ɗelu. "Dafin zai hau."

"Ya riga ya hau, Inna. Robar nan ƙafar kawai take kashewa."

Ba a daɗe ba jikin dattijon ya ɗauki rawa, fatarsa ta yi ruɗu-ruɗu, numfashinsa ya fara fita da ƙyar. Ɗelu ta dafe ƙirji ta fara salati. Samira ta rufe ruwan, ta zaro wata allura da ta riga ta tanada ta soka masa a cinya mai lafiya, ta riƙe wuyan hannunsa tana kallon ƙirjinsa. Kurciya tana kuka a kan gawo, ƙoramar tana ruri a baya. Da numfashin ya daidaita ta sake buɗe ruwan, a hankali fiye da na farko.

Inuwar rumfa ta juya gabas kafin ledar ta ƙare. Samira ta goge masa baki da tsumma mai tsabta, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, ta jira, ta sake dubawa. Ta ɗage audugar da ke hannunsa. Jinin ya tsaya.

Ta zauna dirshan a ƙasa.

Ɗan Baba ya buɗe ido ya dubi matarsa. "Ɗelu," ya ce da ƙyar, "kin ɗauko hauyar? Kada a bar ta a kunya."

Ɗelu ta yi dariya da kuka a haɗe. "Ji mutum. Ana ta kai yana ta kaya."

"Inna," Samira ta ce, "gaba in kin je kukar, bayan alamar ki faɗa da baki ta wace hanya za a bi daga can. Alamar inda kike tsaye kaɗai take nunawa. Mun je mun tarar da kuka ita kaɗai."

"Ni ina na sani, 'yar nan? An ce in danna ku gan ni, na danna. In tsaya gindin itace in bar shi yana zubar da jini?"

"A'a. Komawar da kika yi daidai ne."

Sauran aiki a kai shi asibiti, don dafin kububuwa yakan lafa ya dawo, kuma kwalba ɗaya ce ta rage a kula. Ɗelu ta ce maƙwabcinsu yana da amalanke, amma jaki ba zai shiga ruwan nan ba sai ya janye, wataƙila zuwa magariba. Ashiru ya gama ramuwar azahar da jiƙaƙƙiyar shaddarsa, ya kwance ɗankwalin Samira ya ciro wayarsa don ya shaida wa Salisu da Hajiya Zulai. Ya tsaya yana kallon fuskar wayar.

"Samira. Ba ki kashe abin nan ba."

"Wane abu?"

Ya juyo mata da ita. Shuɗin ɗigon yana nan yana bugawa a kan bukkar Ɗan Baba, a buɗe ga duk wanda ke gurup, tun daga kukar har yanzu. Ya danna ya kashe da sauri.

A lokacin ne suka ji ƙarar moto. Ba ta wajen ƙorama take zuwa ba, inda suka bar nasu. Daga kudu take, ta bakin daji.

Ɗelu ta miƙe tsaye, ta ja gyale ta rufe kai. "Ba mai zuwa mana ta nan," ta ce ƙasa-ƙasa.

Moton ya fito daga cikin dawa ya tsaya a gefen gyaɗa, babba, ba lamba. Mutumin da ke kai dogo ne, ya naɗe fuska da rawani sai ido. A jikin moton an ɗaure wani dogon abu cikin buhu, a saman kan moton kuma an ɗaure waya da roba, taswira a buɗe. Bai kashe injin ba. Ya yi sallama cikin ladabi, ya tambayi mai jiki, ya ce Allah shi ƙara sauƙi. Sannan ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan jakar da ke gaban Samira.

"Ke ce likitar," ya ce. "Tun daga kukar nike kallonku. Na bari sai kin gama da dattijo, don ba a raba likita da marar lafiya."

Ashiru ya matso ya tsaya tsakaninsu. "Malam, lafiya?"

Mutumin bai ko dube shi ba.

"Mu ma muna da namu a kwance can ciki. Shi ba maciji ne ya sare shi ba." Ya matsa gaba a kan sirdin, ya bar wuri a bayansa. "Ɗauko jakarki, likita. Yamma tana yi."